Macizai Biyu a Kan Takardar Zali

Ranar Talatar da na riƙe hannun Zali a buron shef, wato ofishin shugaban ma'aikata, ba za ta fita daga raina ba. Cikin damina ne, shekara uku kafin in bar aiki.

Shekara ashirin da ɗaya na yi ina wanki da guga a wani masaukin baƙi da ke bakin babbar hanya a Birnin Konni. Mu bakwai ne mata a wajen wanki, ni ce babbarsu, suna ce mani Inna Kulu. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko na wuni ɗaya. Wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa, don ku da kuka shigo aiki bayanmu ku ji.

Da muka shiga sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, sai muka zaɓi delege, mutumin da ke magana da yawunmu gaban masu gida. Sahabi muka zaɓa, mai gyaran wuta. Shi ya kawo mana wani ɗan littafi daga ƙungiya, wanda aka tsamo dokar aiki aka taƙaita a ciki da Faransanci. Kowa ya sami nasa. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya zaunar da mu gindin itacen bedi, ya karanta, ya fassara da Hausa.

Sauran mata suka kai nasu gida, wasu ma yara suka yage. Ni na naɗe nawa a ƙyalle na soke a ƙugu. Har tsiya suke mani, wai Inna ta sami maficin takarda. Ban kula su ba. In Sahabi na karatu sai in ce ya ɗora yatsa a kan kalmar da yake faɗa. Haka na riƙe kamannin kalmomi biyu. Konje, wato hutu, gajeriya ce, da ɗan tsinke a kan harafin ƙarshe. Demisiyo, wato mutum ya ce da kansa ya bar aiki, doguwa ce, da wasu haruffa biyu a tsakiya masu lanƙwasa kamar macizai a jere. Sahabi ya ce duk wanda ya sa hannu ƙarƙashin wannan ya kori kansa, ba shi da bakin ƙara. Na sa jan zare a shafin.

Zali 'yar Tsarnawa ce, mijinta ya tafi ci-rani, aikin nan ne ke riƙe da ita da yara biyu. Cikinta ya tsufa. Littafin ya ce mai ciki na da hutun sati goma sha huɗu, kuma ba a korarta saboda shi, aikinta na jiranta. Ta nemi hutun, aka ce ta dakata.

Ranar da aka aiki Sahabi Malbaza sayen kayan wuta, ranar aka kira ta buro. Wannan kaɗai ya ishe ni. Na ajiye dutsen guga na bi ta, na ce ƙafafunta sun kumbura, rakiya zan yi.

Shef ɗin ma'aikata, wanda takardunmu duka ke hannunsa, ya tarbe mu da fara'a. Ya tura takarda gabanta ya ce, "Ga konjenki ya fito, dangwala nan." Ya buɗe tawada, ta sa babban yatsa a ciki. Ni kuma na leƙa ta kafaɗarta. A saman takardar ga doguwar kalma, ga macizan nan biyu kwance a tsakiya.

Na cafke wuyan hannunta.

"Ɗiyata, tsaya."

Shef ya yi dariya. "Inna, lafiya? Ko guga ta ƙare?"

"Guga na nan. Karanta mana abin da ke sama."

"Faransanci ne, Inna. Ko na karanta, mi za ki ji?"

"To bari in taimake ka."

Na kwance ƙyallena, na buɗe wajen jan zare, na ajiye littafin gefen takardarsa. Na nuna gajeriyar kalma na ce wannan ce konje. Na nuna doguwar, na nuna tasa. "Ɗana, kai ka yi lakwal. Da wace ta yi kama?"

Ya miƙo hannu zai janye takardar, na riga shi. Na ninke ta na soke a ƙugu tare da littafin.

"Takardar buro ce wannan," in ji shi, fara'ar ta tafi.

"Yanzun nan ka ce tata ce. In tata ce, za ta kwana da ita."

Zali na tsaye da yatsa a sama kamar wadda kunama ta harba, tawada na neman ɗiga a zanenta. Na sake fito da littafin na ce ta goge a bayan bangonsa. Ta goge, muka fita.

Washegari Sahabi ya dawo. Ya karanta takardar a gabanmu duka, ya tabbatar demisiyo ce. Ya ɗauke ta, da ni da Zali, muka je ofishin sufeton aiki, jami'in gwamnati da ke shiga tsakanin ma'aikaci da mai gida. Sufeto ya kira shef. Shef ya ce kuskuren mai buga takarda ne. Ban yi musu da shi ba, na dai ce Allah ya kiyaye kuskure na gaba, tun da shi kuskuren ya san ranar da delege ba ya gari. Sufeto ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau.

A gabansa aka buga sabuwar takarda. Sahabi ya karanta, amma Zali ba ta dangwala ba sai da ta miƙo mani. Na ga gajeriyar kalma da tsinkenta, na ce bismilla.

Ta haifi mace, ta cika hutunta, ta dawo kan bahon wankinta. Juma'ar da ta biyo bayan zuwanmu wajen sufeto, mata shida suka zo gindin bedi suna tambayar Sahabi ko akwai sauran littafi.

Abin da na koya shi ne, mai buro ba ƙarfi ya fi mu ba, ya dogara ne da cewa ba za mu duba ba. Ku da kuka yi karatu ba ku da uzuri. Kada ku sa hannu ranar da delege ba ya nan, kada kuma ku bar littafin ƙungiya a gida. Nawa yana nan a akwati. Yatsan Zali na bayan bangonsa har yau, inda bai kore ta daga aiki ba.