Inda Na'urar Ta Ce Na Iso

Sana'ata fataucin shanu ce. Ina saye a ƙauyukan Bakura da Maradun, in kawo wa mahauta a Talata Mafara. Iyayena makiyaya ne, amma sun shigo gari tun ina ɗan shekara huɗu, saboda haka na san saniya daga haƙori har kofato, daji kuwa ban san shi ba. Da can wannan bai taɓa damuna ba. Duk inda hanya ta rabu biyu sai in tsaya, in yi sallama ga mai noma ko mai kiwo, mu gaisa har mu gaji, ya nuna mini da baki ko da sanda. Wani ma ya hau bayan babur ya raka ni, ya dawo da ƙafa.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, wannan ya ƙare. Baƙo a kan babur ya zama abin tsoro, mai yawan tambayar hanya kuwa sai a ce infoma ne, wato mai kai musu labari. Wata rana na ɓata a bayan Birnin Tudu, na tambayi mutum uku, kowanne ya ce shi ma baƙo ne. Na ukun yana tsaye a tsakiyar gonarsa da fartanya a kafaɗa. Raina ya ɓaci, na gaya masa maganar da bai kamata ba, na tafi. Waya kuma ba ta da amfani a can, da ka bar titi sabis ya ɗauke. A ranar na yanke shawarar sayen na'urar nuna hanya, wadda ake cewa tana aiki da tauraron ɗan Adam ba da layin waya ba.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da waya kusa da tasha, shi ya samo mini guda biyu, duka na hannu, ya jera su a kan teburinsa ya ce in zaɓa. Ta farko faffaɗa ce, fuskarta ta kai tafin hannuna, ana manna ta a gilashin mota, kuma akwai muryar wata mace a ciki mai faɗin inda za a juya da Turanci. Ta biyun 'yar ƙarama ce, baƙa, an lulluɓe ta da roba, duk ta kakkarce, ba ta cewa uffan.

"Alhaji, ga mota kaka son ta ko ga babur?" in ji shi.

Na ce duka biyun. A-kori-kura gare ni, ina ɗora babur a baya, inda hanyar mota ta ƙare in sauke shi in ci gaba.

"To ka ɗauki 'yar ƙaramag ga. Ba ta da kyan gani, amma batirin tocila taka ci, ruwa ba ya yi mata komi, kuma ka sa ta aljihu ba wanda ya san kana da ita. Waccan babbar ta titi ta. Ta san Sakkwato, ta san Gusau, amma ba ta san hanyar shanu ba."

Na juya ƙaramar a hannuna, rubutunta ƙanana kamar ƙwayar gero, ni kuma idona ya fara gajiya. Amma kada in yi wa kaina ƙarya, ba ido ne ya hana ni ba. Na riga na hango babbar manne a gilashina ranar kasuwar Talata, tana zuba Turanci, abokan sana'a suna leƙowa. Na ce masa ni ba yaro ba ne da zan sayi abin wasa. Ya yi dariya, ya ce kuɗina ne. Na ɗauki babbar. Shi ya ja mata waya daga batirin babur, ya koya mini maɓallin da ake dannawa a adana wuri. Ya ce duk inda na danna shi, ko bayan shekara goma, za ta mayar da ni daidai nan.

Wurin da na fara adanawa shi ne rugar su ƙanwata. Ita ce autarmu, ni na goye ta, ni na fara saya mata takalmi. Ta auri ɗan kawunmu, makiyayi, suna zaune a dajin bayan Damaga. Da rani ne, tana da ƙaramin ciki, na fari. Mijin ya tare ni a bakin hanya ya yi mini jagora, muka isa wani fili fetal, bukkoki bakwai, shanu kwance a kan karan da aka girbe. Na tsaya a ƙofar bukkarta na danna maɓallin da ƙarfi, har ina nuna mata. Na ce idan lokacin goyon ciki ya yi, wato sa'ad da mace mai cikin fari take komawa gidan iyayenta ta haihu, ni zan zo da kaina in ɗauke ta da mota, ba sai kowa ya raka ni ba. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Damina ta yi nisa, cikin ya shiga wata na takwas. Inna ta yi mini magana sau biyu, ina cewa sai mako mai zuwa, kasuwa ta buɗe. Wata safiya ina shan koko sai ga waya daga Maradun. Wani mai sayen awaki ne da mijin ya ba saƙo, ya ce tun jiya take naƙuda, abin ya ƙi, tsofaffin mata sun ce ɗan ya zo a gicciye. Ya fara cewa, "Rugar tasu kuwa yanzu…" na katse shi, na ce na san wurin, na kashe wayar. Na leƙa ɗakin Inna na ce mata ta wuce asibiti ta jira mu. Ban ko sa hula ba na fita.

A kan titi na'urar ta yi aikinta, ba na cin amanarta. Har Maradun tana faɗa ina bi, ko da yake wannan hanyar ko ido rufe na san ta. Inda jar hanya ta ƙare na ajiye motar a gindin wata tsamiya, na sauke babur, na ɗaure na'urar a kansa da igiyar roba. Daga nan fuskarta ta zama fari fat, ba hanya ba gari, sai wata kibiya da ke nuna gaba. Na bi kibiyar. Ta kai ni bakin rafin da babu shi da rani, na zagaya. Ta tura ni cikin laka, na sauka na tura babur har numfashina yana sarƙewa. Ina tafe ina lissafin awoyin da yarinyar nan ta yi tana murƙususu, ina roƙon Allah ya ba ni ko da rabin sa'a.

Rana ta kusa tsakiya na shiga wata gonar gero da ta fi ni tsawo. Ina kutsawa ganye yana yankar fuskata, sai matar nan ta yi magana cikin natsuwa. Turancina kaɗan ne, amma wannan na gane shi: ta ce na iso. Na kashe babur. Babu bukka, babu saniya, babu hayaƙi, gero ne gabas da yamma. Na kira sunan ƙanwata har muryata ta dushe. Ina dube-dube ƙafata ta yi karo da wani tsohon turke, sannan na ga duwatsun murhu uku ciyawa ta rufe su. Geron wurin ya fi na ko'ina kauri da duhu, saboda takin shanun da suka kwana a kai.

A nan abin ya faɗo mini, na dafe kai. Makiyaya suna zama a gonakin manoma ne da rani, shanu su ci kara su bar taki. Da ruwa ya sauka sai su tashi su ba shuka wuri. Ɗan shekara bakwai a ruga ya san wannan. Ni da nake ci da shanu, ɗan makiyaya gaba da baya, na adana gonar wani na ce gidan ƙanwata ne. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ta kawo ni daidai inda na danna.

Na fito daga gonar kamar mahaukaci. Mace ta farko da na gani tana cirar ciyawa a gonar gyaɗa, tana hango ni ta yar da kwandonta ta ruga. Wani mai jaki ya ce bai taɓa jin akwai ruga a wannan dajin ba, alhali kashin shanu na ƙarƙashin ƙafarsa. Na yi ta zagaye, kowace 'yar hanya na bi sai ta mutu a wata gona. Na ji kiran azahar daga wani ƙauye, na nufi wajen da sautin yake fitowa.

A bakin rijiyar ƙauyen maza biyar suka tare ni, biyu da bindigogin gargajiya, 'yan sa-kai masu tsaron garin. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Idonsu duka yana kan abin da ke ɗaure a babur. Ban gama bayani ba, la'ananniyar ta buɗe baki, ta ce in juya baya. Suka ja da baya, bindiga ɗaya ta ɗago.

"Da wa kaka magana? Wa taka kai ma labari?"

Na rantse da Allah ba ta kai wa kowa komai. Ɗaya ya yanke robar da wuƙa ya ɗauke ta da gefen rigarsa. Suka ce in zauna a ƙasa sai mai gari ya dawo daga gona. Ni mai zafin kai ne, kowa ya sani, amma ranar ban sami fushin ba ko da na neme shi. Na durƙusa a cikin taɓo na fashe da kuka, gemuna da furfura. Na ce su riƙe na'urar, su riƙe babur, su ɗaure ni in suna so, amma wani ya je ya ɗauko yarinyar nan.

Wani tsoho da ke alwala a gefe ya taso yana dogara sanda. Ya dube ni ya daɗe.

"Kai ɗan wa na?"

Na faɗi sunan mahaifina, da na kakana, da zuriyarmu. Ya tambayi kamannin shanunmu, na ce jajaye ne masu dogon ƙaho, ana tsaga musu kunnen hagu. Ya gyaɗa kai.

"Ubanka ya yi rani ukku ga gonata. Ku bash shi. Da ka zo da bakinka kaɗai, ɗana, da tuni an kai ka. Abin ga da kaɗ ɗauro shi yas sa kowa gudunka."

Ɗaya daga cikin masu bindigar ya hau bayana, na'urar kuma ta zauna a hannunsu. Tafiyar ba ta kai ta shan shayi biyu ba. Muka haura wani tudu mai duwatsu, muka zagaya bayan wani dutse, sai ga bukkokin. Sau biyu na wuce ta gindin tudun nan a ranar.

Tun daga nesa na ga maza suna dawowa daga gefen ruga, ɗaya riƙe da fartanya, na san me aka yi. Jaririn namiji ne, ya fito bayan azahar, bai yi kuka ba. Mijin ya riƙe hannuna, idonsa a ƙasa. Ya ce tun da hantsi wani maƙwabci ya kawo babur a kai ta Maradun, ta ƙi hawa, ta ce yayanta na nan tafe da mota.

Na same ta kwance a kan tabarma, leɓɓanta sun yi fari, jini bai tsaya ba. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Yaya, ka iso?"

Na ce na iso. Muka sa ta a tsakiya, ni a gaba, uwar mijinta a baya tana tallafe da ita, muka ɗaure ta a jikina da zane. Duk ramin da muka faɗa ina jin nishinta a bayana, in ta yi shiru kuma sai in kira ta har ta amsa. Muka kai mota, muka kama titi, muka shiga asibiti a Talata Mafara ana kiran magariba. Aka ɗebi jinina aka ƙara mata. Ta rayu, alhamdu lillahi.

Washegari da safe na sami Inna zaune a barandar asibitin, tana jan carbi. Na gaishe ta, na zauna nesa kaɗan. Can ta tambaye ni abin da ya tsare ni tun safe har la'asar. Na kwashe labarin duka na gaya mata, ina ta ɗora wa na'urar laifi. Na ce da na ji maganar mai gyaran rediyo na ɗauki ƙaramar, da tana aljihuna, ba wanda zai gan ta ya gudu. Ta bar ni na gama, ba ta katse ni ba.

"Ina kat tarad da su?"

Na ce a kan wani tudu mai duwatsu, bayan wani dutse.

"Mai itatuwan ƙirya biyu ga bakin hanya?"

Na ce shi ne. Ta ajiye carbin a cinyarta.

"Nan muka yin damina tun ina amarya. Can anka yanke maka cibiya. Ina zamne cikin ɗaki kal leƙo, kaw wuce, ba ka tambaye ni ba."