Ranar da Na Yi Liƙi da Kuɗin Fursuna

Ko da zan manta komai na zamanmu a Landan, ba zan manta bikin ƙanwar ƙawata a unguwar Barking ba.

Maigidana likita ne, amma shi ma yana da tasa lalurar: tara tsofaffin takardun kuɗin da ake ba fursunonin yaƙi su sayi shayi da sabulu a kantin sansani. Shekara da shekaru yana bin kasuwannin tsofaffin kaya yana tsinto su. In ya fara yi min bayani sai in ce "to, to", hankalina na kan tukunya. Ko kallonsu ban taɓa yi ba.

Ranar bikin na makara. A ƙasar nan ƙaramar takarda fam biyar ce, wa zai yi liƙi da ita? Na buɗe durowarsa ina neman canjin dala, sai ga ambulan cike da ƙananan takardu masu launi. Na ɗauka ragowar kuɗin wata ƙasa ce, na sunkuce.

Ai kuwa na cashe. Ina zuba wa amarya takardu, ana ta guɗa, ina jin kaina kamar matar gwamna. Sai ga wayar maigida.

"Maman yara, kin ga wata ambulan? Tsofaffin takarduna ne a ciki, gobe zan kai su wajen baje koli."

"Masu hoton waya mai ƙaya?"

"Su ne."

Na duba ƙasa, ga wahalar mijina a ƙarƙashin takalman mata. Na sa aka tsayar da kiɗa, na durƙusa da leshina ina rarrafe. Da mata suka ji labari sai suka biyo ni, muna tsinta muna dariya har da hawaye. Duk muka samu sai wata koriyar takarda, wadda da na gaya masa a waya ya ce ita zan fara nema. Can na ɗaga kai, ga ta manne a goshin amarya, gumi ya riƙe ta.

"Anti, wannan kam tawa ce," in ji ta. Da alkawarin turare na fanso ta.

A gida bai yi faɗa ba. Ya miƙar da koriyar a hankali, ya nuna min bayanta, inda wani fursuna ya zana fuskar matarsa da fensir. Kunya ta kama ni. Ranar na koyi cewa in mutum yana ba ka labarin abin da yake so, ka ajiye ludayi ka saurara. Na ja kujera na ce ya faro daga farko.