Glenys Ta Rufe Bututun Kogi

Shekara talatin da ɗaya Glenys Pavlich ta yi tana aiki a matatar ruwan ƙazanta ta garinmu, can bayan maƙabarta, inda duk abin da aka kora daga banɗakuna da wuraren wanke-wanke yake taruwa. Ta samu aikin ne don babu wanda ya nema sai ita. Ni kuwa direban tankar ƙaramar hukuma ne, kusan kullum muna tare.

Aikin a ido ba wuya. A tsame tarkace, a bar laka ta kwanta, sannan a tura ruwan cikin manyan tankuna inda wasu ƙananan ƙwayoyin halitta suke cinye dattin. Abin da ya fito garau shi ake sakewa kogi, sama kaɗan da inda yara suke iyo. Idan ta shiga kanti sai a tsokane ta, "Glenys, jiya me muka ci?" Ita kuma ta ce, "Kai dai ka rage giya."

Wata Litinin cikin Nuwamba, lokacin da ake tsananin zafi a ƙasarmu, na same ta tsaye a bakin tanki. Kumfar da ke saman ruwan ta yi toka-toka, ga wani wari mai hawa kai.

"Clive, ƙwayoyin nan mutuwa suke yi," in ji ta. "Wani ya zuba mana guba."

Nan take ta rufe bututun da ke zuwa kogi, ta karkatar da ruwan cikin tsohon tafkin ajiya, wanda ba ya ɗaukar fiye da na kwana huɗu. Daga nan muka bi titi muna ɗaga murafan magudana ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa tana shinshinawa. Warin ya kai mu har ƙofar garejin Warwick, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, mai wanke wa manoman auduga tankunan feshin maganin ƙwari.

Bai yi musu ba. Ya goge hannu a wando ya ce, "Haba Yaya, duro biyu ne fa kawai. Ai ruwa zai tafi da shi."

"Ya tafi da shi ina? Wurina yake zuwa, sakarai."

"To ki rufa min asiri mana. Wa ya sani in ba ku biyu ba?"

"'Ya'yanka ma a kogin nan suke wanka," ta ce, ta juya ta hau mota. Muna isa matatar ta rubuta rahoto da sunansa a ciki.

Sawu shida na yi zuwa matatar garin da ke gaba da mu ina ɗebo laka mai ƙwayoyi masu rai, muna zubawa a tankunanmu. Glenys tana aunawa, tana girgiza kai, tafkin kuma yana ta cika. Rana ta huɗu da hantsi, saura bai fi taƙi ɗaya ya tumbatsa ba, awon ya yi daidai. Ta buɗe bututun. Ko kifi ɗaya bai mutu ba.

An rufe garejin Warwick wata uku, aka sa ya gina ramin tara ruwan wankinsa. Kirsimetin shekarar bai je gidanta ba, na gaba ma haka. Sai da mahaifiyarsu ta kwanta asibiti suka ci gaba da magana, kuma har yau ba wanda ya sake tada zancen.

Ciwon gwiwa ne ya sa ta ajiye aiki bara. Yanzu ita da mijinta suna yawon ƙasa a mota mai ɗakin kwana. Shi ne yake min ƙorafi a waya, wai duk garin da suka sauka sai ta nemi a nuna mata matatarsu, shi kuma ya zauna a mota yana jira.