Rigar Sanyin Asta

Sau ɗaya tak Bodil ta taɓa barin mijinta Preben ya cike takardar gunduma, a wannan ɗayan kuma ya kwafsa. Takardar neman kuɗin rigar sanyi ce ta Asta, yarinya 'yar shekara shida da suke riƙo. Inda aka ce a sa lambar shaidar yaro, gogan naka ya zuba tasa. Bayan mako uku amsa ta zo, wai gunduma ba ta saya wa ɗan shekara hamsin da takwas rigar yara. Preben ya yi ta dariya har da tari. Bodil ta ninke wasiƙar kawai, ta ce yanzu sai a sake daga farko, wani mako ukun ke nan.

Da can ɗinki take yi a wata masana'anta a garin Herning, a ƙasar Denmark. Da aka rufe, sai ta shiga riƙon yaran da gunduma ke raba su da iyayensu. Shekara ashirin da uku ke nan, yara goma sha tara. Yawancinsu da leda ɗaya suke zuwa, a ciki safa wari guda da wandon da ya yi musu kaɗan tun bara. Kuɗin riƙo na shigowa duk wata, amma da zarar abu ya wuce ci da sha, ko tabarau ne ko keke, sai an cike takarda, an haɗa rasit, an jira sa hannun ma'aikaciya. Su kuwa ma'aikatan ba sa zama. A kan Asta kaɗai an canja biyar, kowacce ta zo sai Bodil ta sake ba ta labarin yarinyar tun daga haihuwa.

Akwai wata takarda manne a jikin firji, wadda za ta sa wa hannu kafin ƙarshen Nuwamba idan za ta ci gaba da riƙo. Idan ba ta sa ba, za a nema wa Asta wani gida, na huɗu ke nan. Ranar da amsar gunduma kan rigar ta zo, Bodil ta gaya wa Preben ita fa ta gaji, gwiwoyinta sun gaji, idonta ya gaji da ƙananan rubutu. Ya dubi fuskarta, ya fasa zolayar da ya saba.

Sanyi ya sauka. Malamar su Asta ta aiko cewa yara na fita wasa, ita Asta tana zaune a aji don rigarta ba ta tare iska. Ran Asabar Bodil ta fita ba ta ce inda za ta ba, ta dawo da riga mai haɗe da wando, ja, ta krone ɗari bakwai, kuɗin ƙasar, daga aljihunta.

Asta ta saka. Hannun rigar ya haɗiye yatsunta, ƙafar na jan ƙasa. Preben ya yi tsaye da kofin kofi a hannu. Tela ce matar nan, da ido take awo, kuma bai taɓa ganin ta saya wa ɗan riƙo kaya da girma ba. Daidai jiki take saye, don ba ta yarda ta sa rai da cewa yaro zai kai baɗi a gidanta.

"Tsohuwa, idon ne ya tafi, ko wata yarinyar muke jira ta shiga ɗaya ƙafar?"

"Za ta cike ta baɗi," in ji Bodil, tana durƙushe tana naɗe wa Asta hannun riga. "Miƙo min takardar can da biro."

Ya ciro ta daga jikin firji ya kawo mata. Bakinsa dai bai iya haƙuri ba, ya ce ashe gajiyar ta baki ce.

"Na gaji, Preben. Amma wanda ya gajiyar da ni shekara talatin nake riƙonsa, gunduma ba ta taɓa ba ni ko krone ɗaya a kansa ba. Matsa, ka tare min haske."