Baƙin da ke cin jinin Malam

Ranar da aka sanar za a rufe Kuala Lumpur saboda korona, mazan mutane shinkafa da man girki suka shigo da su gida. Nawa mijin kwalabe ya shigo da su, rungume a ƙirji, an rufe bakunansu da ƙyallen gidan sauro. Na leƙa, sai na ga ƙwari, kamar kuɗin cizo amma sun kusa kai girman kyankyaso.

“Malam, mene ne wannan?”

“Digirina ne,” in ji shi.

Shekara huɗu ke nan muna unguwar Sentul yana digirin digirgir a kan waɗannan halittu. 'Yan uwansu na Kudancin Amurka ne ke yaɗa cutar Chagas. Su ciji mutum kusa da baki yana barci, su yi kashi a wurin, ya sosa, ƙwayar cutar ta shiga jini, bayan shekaru zuciya ta kumbura. Nasa a ɗakin bincike aka haife su, ba su ɗauke da komai, ya rantse mini har da dafa ƙirji. Amma an kulle jami'a, in suka mutu aikin ya koma farko, tallafin karatu kuwa a shekarar zai ƙare. Ni ko ba abin da nake so kamar ya gama mu koma Kano in ga mahaifiyata.

Haka suka tare a kan kantar da nake ajiye kayan kwalliya. Aka haramta mini turaren wuta, aka ɓoye maganin sauro. Ni da ko ƙuda ba ya wucewa ta gabana da rai, na koma mai tafiya a hankali kar in firgita ƙwaro.

Sai maganar abinci ta taso. Malam ya gwada musu jinin da ke tsiyaya daga naman firiji, suka yi kamar ba su gani ba. Mai ɗumi suke so, daga jikin mai rai. Ya naɗe hannun riga, ya kifa kwalba a damtsensa, yana karanta jarida a waya, su kuma suna tsotsa ta cikin ƙyalle har cikinsu ya yi tulu-tulu.

Da azumi ya kama, ya kira malaminsa na Kano yana tambaya ko jinin da ƙwaro ya sha yana karya azumi. Dattijon ya ce cizon sauro ai ba komai. Malam ya ce a'a, shi yake ba su da gangan. Sai dattijon ya ce, “To, ka bari sai bayan magariba. Kuma ka riƙa yawaita azkar.” Daga ranar tare muke buɗa baki, mu da dabino, su da Malam.

A haka Umma ta kama mu a kiran bidiyo. Ta ga surukinta a bayana da kwalba a hannu, ta rage murya ta ce, “Ke, faɗa mini gaskiya, ƙungiyar asiri ya shiga?” Na ce boko ne. Ta ce duk wanda ya shiga haka yake cewa. Har kuka na yi don takaici, ga dariya na cina.

Bayan an sassauta kulle aka sake rufewa, baƙinmu suna nan daram, har sun hayayyafa. A wannan karon ne Malam ya fara tari. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, ni aka ɗaura mini abin hannu na killace kai aka bar ni da kwalabe.

Kwanakin farko ko gaisuwa ba ya gamawa sai ya ce, “Ya suke? Don't open the window lah.” Har da “lah” ɗin da 'yan garin ke liƙawa a ƙarshen magana. Haushi ya riƙa kama ni. Sai ya kira wata rana da robar iska a hanci, ya tambayi lafiyata, ya ce in yafe masa, bai ko ambace su ba. Ranar na tsorata, tsoron da ban taɓa ji ba.

Na je gaban kantar na tsaya. Sun yi fayau kamar ɓawon gyaɗa, da ƙyar suke motsi. Na zage su tas. Sannan na yi bisimilla, na janye hannun rigata, na kifa kwalbar, na kau da kai ina kallon bango. Ashe ba zafi, ƙyama ce kawai, ita ma na haɗiye ta.

Na kira shi, na haska masa cikkunansu jajaye, na haska masa damtsena. Ya zuba ido, hawaye na gangarowa ta gefen robar. Ma'aikaciyar jinya tana gefensa da tiren abincin da ya ƙi taɓawa, tana ta “makan, makan,” wato “ci, ci” da yarensu.

Na ce, “Malam, yaranka sun ci. Saura kai.”

Ya miƙa hannu ya karɓi cokalin.