Zagaye Uku Kafin Awon Jini

Shekara ashirin da shida Mai Walda ya yi yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon unguwarsu, bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba. Ya ce ba aikinsa ba ne. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban gola da faɗin ƙirjinsa, duk mai son wucewa ya ji a jikinsa. Sunan ƙungiyar Matasa, domin lokacin da aka kafa ta matasan ne. Yanzu ƙaraminsu yana da shekara arba'in da huɗu, amma babu wanda ya ga dalilin taɓa sunan.

Shi ya haɗa turakun ragar da ragowar bututun ruwa a rumfarsa, inda yake wuni tsakanin ƙarar janareta da ƙofofin ƙarfe da ke jingine suna jiran masu su. Shi ne kyaftin, shi ke ajiye usur da littafin sunaye. Shi ne kuma ya kafa dokar farko, tun shekarar da Tela ya buga ƙwallo da sanyin jiki jijiyar cinyarsa ta tsinke: duk wanda ya shigo fili, zagaye uku kafin komai. Da farko kafin wasa ake nufi. A hankali dokar ta yi faɗi. In an zo taro, zagaye uku. In an zo yankan ciyawa, zagaye uku. Ranar da aka zo ɗaukar hoton ƙungiya ma sai da mai hoto ya jira, shi ya sa kowa a hoton bakinsa a buɗe yake.

Sai wata Asabar, bayan an dawo hutun rabin lokaci, Hagu mai aski ya sunkuya a tsakiyar fili kamar zai ɗaure igiyar takalmi. Daga sunkuyo ya durƙusa, daga durƙuso ya kwanta.

"Tashi, malam, ba wanda ya taɓa ka!" in ji Tela, wanda yake ɗaya ɓangaren. "Ba za a ba ku bugun tazara ba."

Wasu suka yi dariya. Mai Walda ne ya fara isa gare shi, shi ya juya shi ya ga idonsa. Suka kwantar da shi a kujerar baya ta motar Direba, da takalmin ƙwallon a ƙafarsa, igiyar a ɗaure tsaf. Kafin su kai asibiti ya cika. Likita ya ce zuciya ce, da hawan jinin da mai shi bai san yana da shi ba.

Bayan an gama zaman makoki, mutum biyar suka zo fili. Asabar ta gaba, uku. Direba ya ce gwiwa. Malamin Lissafi ya ce takardun jarrabawa sun yi masa yawa, alhali makaranta na hutu. Tela bai ɓoye ba, ya ce matarsa ta kulle takalminsa a akwati ta rataya mukullin a wuya.

Mai Walda ya shiga bin mutane shago shago. Bai ce a zo a yi wasa ba, ya san ba za a zo ba. Ya ce turaku na bukatar fenti, aka zo aka yi fenti. Ya ce raga ta yage, Tela ya zo da allura. Ya kawo rediyo aka zauna gindin bishiyar bakin fili ana sauraron wasan wasu, ana zagin masu tsaron bayansu. Da wannan ya riƙe mutum bakwai, wani makon takwas. Amma ƙwallon tana cikin jaka, babu mai tambayar ta. Ko wajen yankan ciyawa, akwai wani wuri a tsakiyar fili da kowa ke kewayewa, har ciyawar wurin ta fi ta ko'ina tsawo.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, tun kafin rasuwar Hagu akwai wani abu da ke kama Mai Walda a ƙirji. In ya ɗaga ƙofar ƙarfe sai ya ji kamar an sa ƙirjin a matsi ana murɗawa a hankali, abin ya bi kafaɗarsa ta hagu ya sauka hannu. Sai ya zauna kan bokitin da ya kife, ya zaro waya yana duba saƙon da ba a aiko ba, har abin ya sake shi. Da can yana cewa gajiya ce. Tun da ya ga idon Hagu ya daina ce masa komai. Ya daina sunkuyawa ɗaure takalmi, ya koma sa silifa.

"Baban Auta, me kake yi a tsakiyar matattakala?" in ji matarsa wata rana, da ta same shi riƙe da ƙarfen bene yana numfashi.

"Waldar nan nake dubawa. Kamar ta fara saki."

"Kai ka yi ta. Jiya ma a nan ka duba ta."

Ya ci gaba da hawa. Shi a lissafinsa, in ƙungiya ta dawo, Asabar za ta koma yadda take, komai ma zai koma yadda yake. In kuwa ta mutu, shi za a bari a rumfa daga shi sai abin da ke ƙirjinsa.

Matar Tela ce ta kawo mafita, da ta ce mukulli ba zai bar wuyanta ba sai an auna mijinta. Sauran mata suka ce su ma haka. Gola yana da ƙanwa nas, Mai Walda ya roƙe ta ta zo fili da na'urar awon jini ranar Asabar da safe. Duk wanda aka ga lafiyarsa ƙalau ya koma wasa. Shi zai riƙe littafi yana rubuta sakamako, kuma kowa ya san mai rubutu ba ya bin layi.

Mutum goma sha tara suka zo, kowa da rigar wasa. Ba a ga taro irin wannan ba tun ranar Hagu. Nas ta bugo waya ta ce ga ta nan tafe. Mutane suka tsaya cirko-cirko a bakin fili, ba mai kallon wani.

"To, me ake jira?" in ji Mai Walda. "An shigo fili ko ba a shigo ba?"

Ya busa usur, suka ɗauki zagaye. Tsoro ya sa aka yi gudun da ba a saba ba, kowa na so a ga shi garau yake. Direba, mai ciwon gwiwa, ya ƙara na huɗu. Mai Walda kuwa ya tsaya gyara ƙafar teburin da za a yi awon a kai da jan layi a littafi. Bai taɓa tsallake zagaye ba tun da aka kafa dokar, amma da yake shi ya kafa ta, ba wanda ya lura.

Suna gama share gumi Nas ta iso, ta tarar da dattawa a layi cikin ladabi. Ta ɗaura wa Tela a dantse, na'ura ta yi gunji ta saki iska.

"Ɗari da sittin da takwas," in ji ta. "Baba, ya hau."

"Na Hagu nawa ne?" Tela ya tambaya.

"Ba a taɓa auna shi ba," in ji Gola.

Direba, ɗari da saba'in da biyar. Malamin Lissafi, ɗari da sittin da biyu. Mutum na shida, na bakwai, duka sama. Layin ya yi tsit, ba a jin komai sai gunjin na'ura. Direba ya miƙa wa Gola mukullin motarsa ya ce in wani abu ya faru a kai wa babban ɗansa, kada a ba ƙaninsa. Tela ya koma gefe ya kira matarsa ya ce ta yafe masa, ta ce me ya yi, ya ce komai ma. Malamin Lissafi ya leƙa littafi ya haɗa ya raba, ya sanar da jama'a cewa a matsakaici dukkansu sun mutu.

Mai Walda yana rubutawa, sai ya ji wani sanyi na shiga zuciyarsa, irin wanda ya yi wata uku bai ji ba. Ashe kowa haka yake. Ashe abin na shekaru ne, kamar furfura. Da aka gama da na sha tara, ya ajiye biro ya miƙa hannunsa da kansa.

"Ɗari da casa'in da biyu, kan ɗari da sha biyar."

"Kyaftin ke nan," in ji Direba. "Ko a nan ma kai ne a gaba."

Nas ba ta yi dariya ba. Ta bi littafin da yatsa, ta ɗago ta dubi rigunan da suka jiƙe sharkaf, ta kama wuyan hannun yayanta Gola tana kallon agogo.

"Yaya, me kuka yi kafin in zo?"

"Ba mu yi komai ba. Zagaye uku kawai."

"Zagayen me?"

"Na fili mana."

"Gudu kuka yi? Za a auna muku jini kuka yi gudu?"

"Ai doka ce," in ji Tela.

Ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta tura su gindin bishiya ta ce kowa ya zauna rabin awa, ba magana, ba waya, ba miƙa. Dattawa ashirin suka jeru a inuwa suna fuskantar doguwar ciyawar tsakiyar fili. Kowa yana sauraron ƙirjinsa yana jin bugun na raguwa. Mai Walda ma yana sauraron nasa. Shi ya san babu abin da zai ragu, domin babu abin da ya ƙara.

Aka sake layi. Tela, ɗari da talatin da biyu, ya sake kiran matarsa ya ce ta manta da maganar ɗazu. Direba ya karɓi mukullinsa. Mutum biyu kawai ta rubuta wa takarda su je asibiti cikin mako. Surutu ya dawo, har wani ya zaro ƙwallo daga jaka yana matsa ta ya ji ko da iska. Mai Walda ya rufe littafi ya fara naɗe shimfiɗar teburi.

"Saura kai, Baba," in ji Nas.

Na'ura ta matse dantsensa ta saki. Ɗari da casa'in. Ta canza hannu, ta sake. Haka dai.

"Kai zagaye nawa ka yi?"

Ya dubi littafin.

"Shi ai bai yi ba," in ji Tela a hankali, kamar yanzu ya gani. "Teburi yake gyarawa."

"Baba, ƙirjinka yana kama ka?"

"Wani lokaci."

"Yana sauka hannu?"

Ya ɗaga kai alamar eh. Wanda ke riƙe da ƙwallo ya mayar da ita jaka.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Hagu."

"Yanzu za a tafi asibiti," in ji ta. "Ba gobe ba."

Direba ya kawo mota har bakin layi, ya buɗe ƙofar baya. Mai Walda ya tsaya yana kallon kujerar. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida ba ya kauce wa kowa, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa.

"Ba zan shiga nan ba," ya ce. "A gaba zan zauna."

Kwana tara ya yi a asibiti. Aka sallame shi da ƙwayoyi kala huɗu da umarnin kada ya sake bin ƙwallo, kada ya ɗaga ƙofa shi kaɗai. Matarsa ta ce ashe waldar da ta saki ba a bene take ba. Rigarsa mai lamba biyar ta koma jikin Malamin Lissafi, wanda ke tsaron baya kamar mai ba da hanya.

Ƙungiyar Matasa ta koma wasa, kuma an yanke ciyawar tsakiyar fili. Dokar farko tana nan, sai dai an saka mata wata a gaba: rabin awa gindin bishiya, awo, sannan zagaye. Mai Walda yana yin nasa ukun da tafiya, ana jiransa, ba mai cewa ya yi sauri. Daga nan ya rataya usur ya yi alƙalanci daga bakin layi. Ba ya ganin satar gida, ba ya ganin taɓa hannu. Amma da zarar wani ya sunkuya, sai ka ji usur, wasa ya tsaya cak, ko da ƙwallo na bakin raga, har sai mutumin ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce igiya ce. An yi masa ƙorafi ya ƙi ji. Yanzu kowa ƙulli biyu yake yi wa takalminsa tun daga gida.