Muttaƙa da Kunnen Aro

A bayan tashar Ƙonni, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da man inji ya baƙanta gindinta, nan garejin Muttaƙa yake. Garejin dai suna ne: rumfar kwano ce, da rami, da tarin tsofaffin ƙarafa. Abin da ke kawo mutane tun daga Malbaza da Illela kunnensa ne. Shi bai san inji ba, bai kuma taɓa cewa ya sani ba. Ƙafar mota ya sani, da duk abin da ke kuka a ƙarƙashinta.

Yana da tsarin aikinsa tun yana da baƙin gemu. Ba ya ɗaga mota sai ya hau ta. Yakan naɗe a can baya, wurin kaya, mai mota ya ja su kan hanyar jar ƙasa, shi kuwa ya lumshe ido. Kafin a juyo ya faɗi ciwon, a buɗe a tarar haka ne. Har kirari direbobi ke masa: in kunnen Muttaƙa ya ji, jikin mota ya tsira.

To, guduma ba ta dukan ƙarfe a banza. Shekara da shekaru tana amo a gefen kansa, har kunnen ya fara ja da baya, ya bar masa wani shuu da ba ya yankewa. Bai faɗa wa kowa ba. Mai gyaran ƙara ya ce ba ya jin ƙara, ai ya rufe garejinsa da bakinsa ke nan. Sai ya koyi gyaɗa kai da yawan cewa "to, to". Ya gaji ƙwarai, gajiyar ɓoyon ma ta fi ta aikin.

Ana haka Alhaji Mas'udu, wani mai sayar da hatsi daga Tsarnawa, ya kawo katkat ɗin iyalinsa, babbar motar nan mai shiga daji, tana ƙwanƙwasa. Suka hau, suka je suka dawo, Muttaƙa bai ji komai ba sai shuu ɗinsa. Kunya ta sa ya yi canke. Ya ce amortisa ce ta gaba, wadda ke shanye girgizar mota, ya sauya ta.

Ran Juma'a da hantsi sai ga katkat ta dawo, cike maƙil da mata da yara da kwanonin abinci, za su suna Alela.

"Baba Muttaƙa," in ji Alhaji, ya ɗaga murya don ransa a ɓace yake, "wagga mota hwa ba ta bari ba. In an cika ta ma ta hi yi. Inna ta ce ba ta ƙara shiga in ba a gyara ba."

Innar, Hajiya Hindu, tana zaune a tsakiya da carbinta, ta ɗaure fuska. Muttaƙa ya ga direbobin da ke shan shayi a rumfar kusa sun zuba ido. Ya san in motar nan ta bar wurinsa da kukanta, kafin la'asar labari ya gama tasha.

"Kowa shi zamna inda yake," ya ce. "Mu tahi."

Ya cusa kansa tsakanin kwanoni, gwiwoyinsa na ƙara irin tasu. Da suka sauka daga kwalta ya roƙi a yi shiru, aka yi. Ya lumshe ido yadda ya saba. Babu komai. Mota na girgiza shi, murfin kwano na rawa a cinyarsa, amma duniya tsit take kamar an kife masa ƙwarya a ka. Ya buɗe ido, yana shirya ƙaryar da zai yi.

Daidai nan taya ta faɗa wani rami. Sai ya ga Hajiya Hindu ta juya wuya hagu, ta dubi ƙasa ta bayanta. Mata biyu da ke kusa da ita suka juya can. Yaran ma haka, gaba ɗaya, kamar kaji sun ji an watsa tsaba. Aka sake faɗawa rami, wuyoyin suka sake komawa hagu. A kan tsakuwa zalla kuwa ba mai motsi.

"Alhaji, juya," ya ce. "Baya ta, hagu."

A ramin gareji ya tarar da abin. Robar da ke raba sandar ƙafar baya da jikin mota ta cinye, in nauyi ya danna sai ƙarfe ya doki ƙarfe. Ya ƙone guntun tsohuwar, ya yanko sabuwa daga tayar babbar mota, ya buga ta ciki, ya ɗaure. Suka sake fita gwaji. Wannan karon bai ko lumshe ido ba, ƙeyoyin mutane ya tsare. Rami ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, Hajiya na jan carbinta, ba wanda ya waiga.

Da ya sauka, tsohuwar ta leƙo ta taga tana murmushi, ta kama kunnenta, ta nuna shi da yatsa, bakinta na motsi. Yabo ne, ya gane. Ya ce, "To, to, Hajiya. Allah shi kiyaye hanya."

Ya zauna a kan tsohuwar taya, bai ji daɗin da ya kamata ya ji ba. Sunansa ya tsira, amma yau ya tabbatar abin da sunan ke tsaye a kai ya tafi.

Bai gama wanke hannu ba wata katkat ta tsaya. Wani mutum ya fito shi kaɗai, yana nuna ƙasan motar, yana bayani mai tsawo. Muttaƙa ya leƙa ciki, ya ga kujeru fayau. Ya daɗe yana kallonsu.

"Malam, kana da iyali?"

Mutumin ya gyaɗa kai, yana mamaki.

"To, tahi ka ɗauko su."